Dodon Dawa a Al-Jaradiya

Ranar wata Alhamis ce a watan Yunin 2012, zamanin da hutun mako a Saudiyya yake Alhamis da Juma'a. Ina da shekara tara. Ni da ƙanena Mu'azu muna zaune a matakalar bene, don nan kaɗai siminti ke riƙe ɗan sanyi idan rana ta take, sai muka jiyo takun Baba daga ƙasa, yana hawowa a hankali kamar wanda ya ɗauko mara lafiya. Da ya ɓullo kwanar hawa na biyu muka ga ya rungumo wani baƙin akwati a ƙirji, wayarsa na jan ƙasa, zufa ta jiƙa masa riga har gadon baya. Daga kasuwar gwanjo ta kudancin gari yake. Muka bi shi a guje zuwa ɗakinmu na hawa na uku. Umma ta leƙo daga kicin da ludayi a hannu, ta dubi akwatin, ta dubi Baba, ta ce, "Baban Anas, mutane na zubar da bidiyon kaset a bola, kai kuma yau ka ga ranar sayensa?" Ya ajiye shi ƙarƙashin talabijin, ya goge ƙurarsa da hannun riga, ya sa yayanmu Anas ya taka kujera ya sauko da babban akwatin saman sif, wanda ba a buɗewa sai da dalili. Can ƙasan atamfofin auren Umma ya zaro wani abu naɗe a tsohon ɗankwali. Kaset ne. A jikin kwalinsa akwai hoton gonar dawa, da wani dogon abu mai jikin buhu tsaye a tsakiyarta, ba shi da fuska sai ramuka biyu. Mu'azu, ɗan shekara biyar a lokacin, ya matso ya damƙi bakin siket ɗina.

Mu ukun duk a Riyadh aka haife mu. Baba tela ne, yana ɗinka wa Larabawa jallabiya a shagon kafilinsa, Balaraben da ya tsaya masa, can wajen Al-Murabba, ya fita bayan asuba, ya dawo cin abincin rana, ya sake komawa bayan la'asar. Gidanmu tsohon bene ne mai launin ƙasa a Al-Jaradiya, Sudanawa a hawa na ƙasa, wasu 'yan Yaman a tsakiya, mu a sama kusa da tankin ruwa. Na'urar sanyaya ɗakinmu, wadda muke kira mukayyif, ruri take yi kamar tsohuwar mota, tana ɗigar da ruwa a bokiti, kuma aikina ne in kai ruwan saman rufi in zuba wa na'ana'ar da Umma ta shuka a gwangwanayen madara. Ni ce kuma mai sayo burodin kubus a bakala, ɗan kantin bakin layi, ni ce mai zura wa Umma duwatsu a allura idan maƙwabta sun kawo abayar da za a yi wa ado. Anas ke hawo da tukunyar gas. Ranar Juma'a tun da safe Umma ke kafa tanda ta soya masa, direbobi da magina 'yan gida su biyo bayan sallah su saya, matakalarmu ta cika da takalma da hirar garuruwan da ban taɓa gani ba. Da Larabci muke karatu, da shi muke faɗa, da shi muke mafarki. Hausa a wurinmu ta gaisuwa ce da ta faɗan Umma. Najeriya kuwa wata murya ce a waya, mai tambayar "ya makaranta," mu ce "lafiya lau," mu yi sauri mu miƙa wa Baba.

Da kaset ɗin ya shige, akwatin ya yi wata ƙara kamar yana tauna, hoto ya yi rawa, ya daidaita. Abin da na fara gani shi ne ruwan sama. A Riyadh ma akan yi ruwa, amma ya zo a fusace ne ya cika tituna ya wuce. Wannan yana sauka a hankali a kan ganye, kuma ganyen ya cika allon talabijin har ba a ganin ƙarshensa. Fim ɗin Hausa ne na ban tsoro. Labarin wani ƙauye ne da dodo ya tare a gonar dawarsu, yana kiran mutum da muryar wanda ya sani, duk wanda ya amsa sai ya shiga cikin dawar, ba a sake ganinsa. Wata yarinya ta amsa, yayanta, wani saurayi dogo mai wushirya, ya ɗauki lauje ya bi ta. Hoton dishi-dishi ne, sautin na tafiya yana dawowa, wani lokaci har inuwar mai ɗaukar hoton ake gani a ƙasa. Duk da haka, da karan dawa suka dare, buhun nan ya leƙo, sai da na rufe ido da tafin hannu. Mu'azu ya cusa kai a cinyar Umma. Anas, da yake ya fara jin kansa saurayi, ya ce shi ruwa zai sha, ya daɗe a kicin bai dawo ba.

Daga ranar kaset ɗin ya zama namu na Alhamis, daga baya na Juma'a da aka sauya hutun mako. Bayan an ci abincin rana, Baba ya jingina da filo, a sauke labule, mu jeru a kan darduma. Tsoron bai hana mu ba, shi ma yake jan mu. Mun kai wasan har saman rufi. Muka samo buhun shinkafa muka huda masa idanu, 'ya'yan Sudanawa suka shigo, shanyar maƙwabta ta zama gonar dawa, mai sanye da buhu ya ɓuya bayan zanin gado yana kwaikwayon muryar iyayenmu. Dokar wasan ita ce kada ka amsa. Ta bi mu har cikin gida, Umma ta yi ta ƙwala min kira daga kicin ina jin ta na yi gum, sai ta fito da silifa a hannu na tabbatar ita ce. A fim ɗin nan na koyi Hausar da ba a yi a matakalarmu. Nan na san rumbu da kunya da huɗa, na san ana cewa hadari ya haɗo, na san yadda ake gaida mai noma. Nakan tsayar da Baba in tambaye shi, shi kuma ya bayyana min da hannu da ƙafa, fuskarsa a sake irin yadda ba na ganinta idan ya dawo daga shago.

Abu ɗaya ne ya daɗe yana ɗaure min kai. Duk lokacin da dodon ya fito, mu muna makyarkyata, Umma dariya take yi, ta rufe baki da gefen mayafi, kafaɗunta na girgiza. Wata rana, a wurin da dodon ke shirin kiran sunan yarinyar, na kasa kunne sosai, sai na ji ya yi gyaran murya, gajere, sau biyu a jere. Na san wannan gyaran muryar. Shi nake ji kullum a bakin ƙofa kafin mabuɗi ya juya. Na ce, "Umma, dodon nan yana gyaran murya irin na Baba." Umma ta kwanta a darduma tana dariya har da hawaye. Baba ya sunkuyar da kai yana duban yatsun ƙafarsa, yana murmushi. Mu'azu ya dubi talabijin, ya dubi Baba, ya fashe da kuka, kuma ya yi kwanaki ba ya yarda Baba ya ɗauke shi, ko alewa ya kawo sai dai a ba ni in miƙa masa.

Ranar Umma ta ba mu labarin. A daminar 1997 aka yi fim ɗin, a ƙauyensu da ke gefen Malumfashi. Saurayin nan mai wushirya Baffa Nuhu ne, ƙanen Baba, shi ya tsara labarin, shi ya lallashi wani mai ɗaukar bidiyon biki ya zo da kyamararsa. Baba ya ɗinka kayan dodon da buhunan gyaɗa, da aka rasa mai jure zafin cikinsu sai ya saka da kansa. Umma tana budurwa a lokacin, tana cikin 'yan kallo. Rana ta yi zafi, dodo ya yanke jiki ya faɗi tsakanin kunya, kowa ya ɗauka cikin wasan ne, ita ce ta lura ƙafarsa ta daina motsi, ta ruga da ƙwaryar ruwa. "Na ɗaga buhu in ga dodo," in ji ta, "sai na ga tela." Fim ɗin bai yi kasuwa ba. 'Yan kasuwar kaset a Kano suka ce ba waƙa ba rawa, wa zai saya. 'Yan kwafin da aka buga suka zauna a wani ɗaki mai yoyo har suka lalace, mai kyamara kuma ya ɗauki bikin wasu a kan uwar kaset ɗin. Wanda Baba ya taho da shi ne kaɗai ya tsira.

Sai da na ƙara wayo na gane abin da ya kai Baba kasuwar gwanjo a tsakiyar zafin nan. Baffa Nuhu ya rasu a haɗarin mota shekara guda bayan zuwan Baba Riyadh, bai bar ko hoto mai kyau ba. Akwai kuma wani wuri a fim ɗin, kusa da tsakiya, inda Baffa Nuhu ke tsaye a tsakar gida yana rantsuwa zai dawo da ƙanwarsa. A bayansa, can gefen allo, wata tsohuwa na daka. Ba ta cikin labarin. Inna ce, mahaifiyarsu. An roƙe ta ta matsa, ta ce ba za ta bar dakanta saboda shirmen yara ba. Tana ɗaga taɓarya tana saukewa, sai ta ɗago kai ta harari kyamara, ta goge goshi da bayan hannu, ta ci gaba. Inna ta rasu a 2010, kafin takardar fitar Baba ta fito har an yi sadakar bakwai, sai ya haƙura da tafiyar. Duk ranar da muka zo wurin nan, Baba yakan miƙa hannu ya danna maɓalli, hoton ya koma baya a guje, Inna ta sake ɗago kai. Wani lokaci ya maimaita har mu ƙosa. Ba wanda ya taɓa ce masa ya isa.

A 2015 Mishari ya shigo labarin. Wani matashin Balarabe ne, injiniya, da ke kawo ɗinkin Sallah shagon su Baba. Wata rana Baba ya raka shi da kaya bakin mota, ya ga kujerar baya cike da tsofaffin kaset, duk masu hoton ƙwarangwal da jini. Ya tambaya, Mishari ya ce tara su yake yi. A lokacin babu gidan sinima ko ɗaya a ƙasar, masu son fim a gidajensu suke sha'aninsu. Baba, cikin raha, ya ce ai shi ma ya taɓa zama dodo a fim. Yana ba mu labarin a kan faranti, ya ce sai ya ga fuskar yaron ta sauya kamar an ce masa an tsinci zinariya a bayan gidansu. Mishari na da ɗaki guda na kaset zalla, mukayyif ɗinsa ba ya mutuwa dare da rana, akwai na Turkiyya, na Indunusiya, na Meziko. Ya ce su da yawa ne a duniya, suna gasar saye ta intanet, kuma a wurinsu fim ya yi kyau ko kada ya yi ba shi ne magana ba, ƙarancinsa ake saye, musamman idan yana cikin kwalinsa na asali. Ya ce ba su cika kunna su ba ma, don duk kunnawa da mayarwa baya na cin zaren kaset. Anas ya tura masa hoton kwalin namu. Bayan mako guda Mishari ya dawo shago ya ce ya tambayi duk abokan harkarsa ba wanda ya taɓa jin labarin fim ɗin, ya kuma ambaci kuɗin da ya haura albashin Baba na wata biyu.

Da Baba ya faɗa mana muna cin abinci, Umma ta ajiye cokali ta ce a maimaita mata. Baba ya yi dariya, ya ce abin da mutanen Kano suka ƙi karɓa ko a bashi, yau ga Balarabe na roƙo. Muka tambaye shi amsar da ya bayar. Ya ce, "Na faɗa masa mahaifiyata ce a ciki." Mishari ya ɗora hannu a ƙirji, bai sake tayar da maganar ciniki ba. Sai dai duk Sallah idan ya kawo ɗinki, bayan ya tambayi iyali, yakan ƙara da, "Ya dodonmu, Abu Anas?" Mu kuwa daga lokacin muka fara ɗaukar kaset ɗin da hannu biyu. Ni har na faɗa wa ƙawayena a makaranta cewa muna da abin da ya fi motar babansu tsada, suka yi min dariya.

Shekarar 2017 ce ta sauya komai. Aka ɗora wa baƙi kuɗi a kan duk wanda ke ƙarƙashin iƙamarsu, wato takardar izinin zama, mata da 'ya'ya, kuma aka ce zai riƙa hawa kowace shekara. Mu huɗu ne a kan Baba. Unguwa ta fara zubewa. Kusan kullum sai ka ga motar 'yan gwanjo a ƙofar wani gida ana loda katifu da firiji. Sudanawan hawa na ƙasa suka tafi, yarinyarsu da muke wasan buhu ta bar min 'yar tsanarta. Masu sayen masa suka ragu, takalman matakala suka zama 'yan ƙalilan. Anas na shekararsa ta ƙarshe a sakandare, kuma da Larabci ya yi duk karatunsa, idan muka tashi a lokacin ba shi da takardar kammalawa ta Saudiyya, ba shi da Turancin da zai shiga aji a Najeriya. 'Yan kunnen Umma da awarwaronta suka fara tafiya. Da lokacin sabunta iƙama ya matso, har yanzu da saura mai yawa. Wata rana bayan abincin rana, Baba ya wanke hannu, ya yi gyaran muryarsa, ya ce ya kira Mishari.

Na zaci Umma za ta ji sauƙi, ita da kullum fim ɗin abin dariya ne a wurinta. Sai ga shi ita ce ta tsaya. Ta ce a nemi rance, ta ce za ta ƙara karɓar abayoyi, ta ce gara ita da mu mu tafi a bar Anas. Da ta ga bai motsa ba, ta rage murya ta ce, "Inna fa? Nuhu fa?" Baba ya dube ta. Ya ce, "Inna da Nuhu sun isa inda za su. Anas ne ke kan hanya." Anas ya tashi ya fita saman rufi, ban ga fuskarsa ba. Da yamma na ga Umma ta wanke tsohon ɗankwalin nan, ta goge shi, ta ninke.

Mishari ya san halin da baƙi ke ciki, kowa ya sani, kuma da ya so ya rage da Baba bai da ta cewa. Bai rage ba, ƙarawa ya yi, ya ce farashin irin waɗannan ya tashi. Baba ya kafa sharaɗi biyu: a kwafe mana fim ɗin, sannan a yi kallon ƙarshe a gidanmu. Ya zo wata Juma'a bayan la'asar, siriri mai tabarau, da kwalin dabino a hannu ɗaya, jakar kwamfuta a ɗayan. Ni da Umma muka zauna a ɗakin ciki muka bar ƙofa a ɗan buɗe. Na ga ya sa farar safar hannu irin ta likita kafin ya karɓi kaset ɗin. Ya juya kwalin gaba da baya, ya duba kusurwoyinsa, ya tsaya a kan takardar da ke manne a jikin kaset, inda aka rubuta sunan fim ɗin da biro. Baba ya ce rubutun Nuhu ne. Mishari ya yi masa addu'a. Ya haɗa wayoyinsa, ya zauna a ƙasa ya tanƙwashe ƙafa kamar ɗan gida, Mu'azu ya ajiye masa shayi da masa.

Anas ne ke fassara masa. Na yi ta jiran ya yi dariya a wurin inuwar mai kyamara, ko inda akuya ta ratsa ta gaban dodo. Bai yi ba. Ya zuba ido kamar mai sauraron karatu, da karan dawa suka dare kuwa har ya ɗan ja baya. Baba ya lura. Sai ya gyara zama, ya fara bayani da Larabcinsa na shago, cewa jinin nan zoɓo ne aka dama da garin rogo, hayaƙin kuma ɗanyar ciyawa ce, wurin nan ma a nan ya suma. Mishari na tambaya, Baba na amsawa da hannu da ƙafa. Ina jin tun da aka yi fim ɗin, ranar ce karon farko da wani bare ya kalle shi da irin idon da Baffa Nuhu ya so a kalle shi.

Sai aka zo tsakar gida. Baffa Nuhu na rantsuwa, Inna na daka. Ta ɗago kai, ta harari kyamara, ta goge goshi. Hannun Baba ya tafi wajen maɓallin kamar yadda ya saba, har yatsansa ya kusa taɓawa, sai ya tsaya. Ya janye hannun a hankali ya ɗora a gwiwa. Kaset ɗin ya riga ya zama na wani, kuma ya san abin da mayarwa baya ke yi wa zare. Fim ya ci gaba, Baffa Nuhu ya ɗauki lauje. Mishari ya dubi Baba, ya dubi Anas, Anas ya faɗa masa wata magana ƙasa-ƙasa. Sai ya matsa gaba da gwiwoyinsa, ya danna maɓallin da kansa, da safar hannun tasa. Hoton ya koma baya. Ya ce wa Baba, "Mu sake gaida Hajiya, ya Ammi," wato kawuna da Larabci. Inna ba ta taɓa zuwa Makka ba, amma ba wanda ya gyara masa. A bayana na ji Umma ta ja numfashi, ta tashi ta shige banɗaki ta kunna famfo.

Da aka gama Mishari ya sa kaset ɗin a wani akwatin roba mai soso a ciki. Yana ɗaure takalmi Umma ta ba Mu'azu ɗankwalin ta ce ya kai masa, a naɗe shi a ciki, ya saba. Mishari ya buɗe akwatin, ya naɗe shi, ya rufe. Baba ya raka shi ƙasa, ya daɗe bai hawo ba. An sabunta iƙama a makon. Anas ya gama sakandare da sakamako mai kyau. A 2018 aka buɗe gidan sinima a Riyadh, ana ta zancensa a makaranta, mu ba mu taɓa leƙawa ba. Kuɗin shekara ta gaba ya fi ƙarfin Baba, babu kuma wani kaset a ƙasan akwati. A watan Yulin 2018 ya kai mu Filin Jirgin Sama na Sarki Khalid, ya tsaya bayan gilashi da hannunsa a sama har muka sha kwana. Shi sai bayan shekara biyu ya biyo mu.

Tsakiyar damina muka sauka. A hanyar Malumfashi dawa ta fi motarmu tsawo hagu da dama, Mu'azu, da shekararsa goma sha ɗaya, ya ɗage gilashin gefensa. Ni kuwa ƙamshin jiƙaƙƙiyar ƙasa ne ya dame ni, don shi kaɗai fim ɗin bai taɓa ba ni ba. Da muka shiga gidan su Baba ban tambayi kowa hanya ba, na wuce zaure, na karya dama, na tsaya a tsakar gida. Turmin na nan a gefe, ya tsage, an kife shi ana zama a kai. Goggonninmu suka yi ta dariyar Hausata, wai harshen Larabawa da kalmomin tsofaffi.

Yanzu ina koyar da Larabci a Kano. Anas na aikin tafinta a Abuja, Mu'azu na karatu a Zariya, Baba ya buɗe ɗan shagonsa a Malumfashi, Umma na gefensa tana faɗa da yaran ɗinki. Mishari kan aiko wa Anas saƙo duk Sallah. Bara ya ce wani daga ƙasar waje ya taya kaset ɗin ninkin abin da ya biya har sau da yawa, ya ƙi, yana nan cikin ɗankwalinsa a ɗaki mai sanyi. Da aka faɗa wa Baba ya yi dariya, ya ce dodon ya fi shi sa'a, shi ba a tambayarsa iƙama. Fim ɗin na cikin wayar kowannenmu. Nakan buɗe shi a keke napep ko a ɗakin malamai, in ja yatsa zuwa wurin Inna, in mayar sau nawa na ga dama, ba abin da ke cinyewa. Amma allon ƙarami ne, babu rurin mukayyif, babu gwiwar Mu'azu a haƙarƙarina, babu dariyar Umma a bayan mayafi, kuma tun daga waccan Juma'ar ba mu sake haɗuwa mu biyar a gabansa ba. Ashe zaman nan ne ba a iya kwafewa.